Yadda Saja Dawuda Ya Shiga Takardar Jarrabawa

Duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san cewa da wuya mutum ya shiga gidaje kaɗan a jere bai tarar da hoton wani cikin kaki rataye a bango ba. Haka abin yake tun zamanin da aka kwashi samari daga kan duwatsun nan aka kai su ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma gidan Saja Dawuda bai kauce wa wannan al'ada ba. A falonsa akwai hoton kakansa, akwai na mahaifinsa, akwai nasa, kowanne hula a karkace, ƙirji a gaba. Shi Dawuda ya ƙare yawancin aikinsa ne wajen horar da kurata, wato sababbin sojoji. Ko bayan da ya ajiye kaki ya dawo gida ya kama noman dawa, bai taɓa yarda cewa akwai abin da horo ba zai iya cusawa cikin kan ɗan Adam ba.

'Yarsa ta fari, Keziah, ita ce ta kawo sabon abu cikin gidan. Ta gama sakandare, ta sami gurbi a wata kwalejin horar da malamai da ke bakin gari. Ranar da labarin ya zo, Saja ya ɗauko guduma ya buga ƙusa a bango kusa da hotonsa, ya shaida wa matarsa Saloma cewa nan za a rataye hoton Keziah cikin rigar gama karatu.

Da sakamakon zangon farko ya fito, Keziah ta ci kowane darasi sai guda ɗaya: ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ɗalibai ke kira saikoloji. Dokar kwalejin kuwa ba ta da sassauci a nan. Wanda ya faɗi wannan darasi za a ba shi dama ya sake rubutawa sau ɗaya tak. In ya sake faɗi, ya tattara kayansa. Sai Saloma ta ɗauko kalandar coci ta rataye a kan ƙusar nan, don kada kowa ya riƙa kallonta tsirara.

Abin da ya fi ƙona wa Saja rai shi ne, wannan darasi shi kaɗai ne ya sa hannu a cikinsa. Keziah ta yi kukan cewa kalmominsa manya ne, Turancinsa mai nauyi, shi kuwa ya ce ta bar masa. Kullum da safe, kafin ya tafi gona, sai ya tsaya a tsakar gida da takardun darasin a hannu, ita ma ta tsaya a gabansa, hannaye a gefe. Ya kira tambaya, ta ba da amsa da Turanci kalma bayan kalma, daga shafin farko har na ƙarshe, ba tsallake, ba ragi. In ta yi tuntuɓe da kalma ɗaya, a koma farko. Har maƙwabta sun haddace sautin. Saloma, wadda ba ta jin Turanci, takan bi waƙar da hanci tana tankaɗe.

Da ya zauna ya yi nazarin faɗuwar, Saja ya yanke hukunci irin na mutumin da ya san aikinsa: horon ne bai isa ba. Saboda haka ya ƙara na yamma a kan na safe, ya kuma ɗaga murya.

Ana cikin haka wata rana da yamma sai ga Rufaida, ƙawar Keziah kuma 'yar ajinsu, 'yar wani mai sayar da hatsi mutumin Argungu. Ita ta ci darasin. Ta yi sallama, ta durƙusa ta gaida Saja da Saloma, ta zauna a kan turmi tana sauraro. Keziah na zuba amsa kamar ruwa daga indararo, Saja na gyaɗa kai. Da aka kai ƙarshe ya dubi baƙuwar.

“Kin ji ko? Kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.”

“Na ji, Baba Saja, ma sha Allah,” in ji Rufaida. “In ka yarda in yi mata tambaya guda.”

“Yi mata goma.”

Rufaida ta juya ga ƙawarta. “Wani yaro aka yi ma allura a asibiti, ya sha zafi. Yanzu ko mai sayar da burodi ya gani da fararen kaya sai shi fashe da kuka. Mi ke nan cikin abin da munka karanta?”

Saja ya ga leɓunan Keziah na motsi, ya kuma gane abin da take yi: ta koma shafin farko tana bi a hankali, ko za ta ci karo da yaro da allura a hanya. Ba ta ci karo da su ba.

“Wannan ba ya cikin takarda,” in ji Saja.

“Shina ciki, Baba. Yanzun nan ta karanta maka shi, wurin kare da ƙararrawa. Malam Yazid ba shi tambaya yadda aka rubuta, juya abin yake yi. Irin wagga tambaya ce ta cika takardar da munka yi.”

Saja ya naɗe takardun ya sa a hammata. Ya ce a zamaninsu ana tambayar mutum abin da aka koya masa ne, yadda aka koya masa, kuma malamin da ke ɓoye tambaya cikin tatsuniyar burodi ya kamata a bincika shi. Rufaida ta sunkuyar da kai ta ce haka ne, Baba. Amma da ya shiga ɗaki, abin da ya tsaya masa a rai ba maganar yarinyar ba ce. Fuskar Keziah ce, da leɓunan nan masu motsi. Ya taɓa ganin irin wannan fuska, ya dai kasa tuna inda ya gan ta.

Washegari famfon feshinsa ya toshe a gona. Damina ta yi nisa, ciyawa na neman shaƙe dawa, ba lokacin ajiye famfo ba ne. Ya goyo shi a babur ya dawo gida, ya shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, ya kwance shi gaba ɗaya, ya jera kayan bi da bi kamar yadda ya cire su. Ya tashi ya je neman tsinken da zai zura a bakin. Kafin ya dawo, Saloma ta buƙaci buhun don shanya wake, ta tattara kayan duka ta juye a tasa.

“Maman Keziah! Wa ya ce ki taɓa?”

“Buhuna ne. Kayanka ga su nan, ko ɗaya ban ci ba.”

“Kin san wahalar da na sha na jera su?”

“To sai ka kira musu fareti su koma layi, ai aikinka ne.”

Saja ya zauna ya jawo tasar yana faɗa. Yana jero mata tarihin buhunan da ya saya a gidan nan da wanda ya saye su, idonsa na kanta, hannunsa na cikin tasa. Yatsunsa su lalubo ƙaramar roba su sa a mazauninta, su lalubo ƙarfe mai murɗi su ɗaura, su ɗauko wani su ji ba lokacinsa ba ne su mayar. Kafin faɗan ya ƙare famfo ya haɗu. Ya zuba ruwa, ya buga hannun, feshi ya fito sumul.

Keziah na zaune a bakin ƙofa da takardunta a cinya, tana kallo.

“Baba,” ta ce, “ka faɗa mini sunayen kayan nan a jere, daga na farko.”

“Sunaye? Rabinsu ma ban san sunansu ba.”

“To yaya aka yi ka san inda kowanne zai shiga, bayan Mama ta cakuɗa su?”

“Ai na san aikin kowanne. Wannan shi ke riƙe iska, wancan shi ke hana ruwa komawa. In ka san aikin abu, ko a duhu aka miƙo maka shi...”

Bai ƙarasa ba. A nan ne ya tuna inda ya taɓa ganin fuskar nan.

Tun yana kurtu a Zariya, akwai wani tsohon saja mutumin Biu da ke koya musu bindiga. Mutumin ba ya ɗaga murya, ba ya kuma sa kowa ya rera sunayen ƙarafa. Sai ya shimfiɗa bargo, ya kwance bindiga, ya cakuɗa kayanta, ya ɗaure wa kurtu ido da ƙyalle, ya ce haɗa. Wanda ya haddace jeri kawai, da an miƙo masa ƙarfe daga tsakiya sai ya daskare, leɓunansa na motsi yana neman farko. Tsohon yakan tambaye shi, mene ne aikin abin da ke hannunka? Kuma ba ya yin darasin ya wuce. Yau a yi kaɗan, gobe a sake, a bar shi har kurtu ya ɗauka an manta, sannan wata rana ana dawowa daga gudu a shimfiɗa bargo ba sanarwa. Shi kansa Dawuda, da ya zama mai horarwa, haka ya yi wa ɗaruruwan samari. Da safe fareti, lef rai, kowa ya bi murya ɗaya. Da rana bargo da ƙyalle. Bai taɓa haɗa biyun ba, domin ya san fareti don idon manyan hafsoshi ake yin sa, bargo kuwa don ranar da ba wanda zai kira maka umarni.

Ga shi kuwa 'yar cikinsa ya ba ta darasin safe kaɗai, ya tura ta wurin da ake tambayar na rana.

Saja Dawuda ba mutum ne mai tsayawa ba da haƙuri a tsakar gidansa ba, kuma bai ga dalilin farawa a ranar ba. Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya yi gyaran murya.

“An kammala fareti,” ya ce. “Haka tsarin yake tun asali, fareti ne farko. Daga gobe za a shiga darasin bindiga.”

“Bindiga kuma?” in ji Saloma. “A gidan nan? Ka bari in kwashe awakina tukuna.”

Da gari ya waye ya fito da tsohuwar hularsa ta soja. Ya sa Keziah ta yayyage takarda ƙanana, a kowace ta rubuta sunan batu guda daga cikin darasin, aka nannaɗe aka zuba a hula. Takardun darasin kuwa ya ɗora a kujera ya zauna a kansu. Sannan ya bayyana doka. Zai girgiza hula, ta sa hannu ta ɗauko abin da Allah ya ba ta. Ba za ta faɗi kalma ɗaya ta Turanci ba. Za ta juya ga uwarta ta yi mata bayani da C'lela, harshensu na gida, har uwar ta gane. In Saloma ba ta gane ba, Keziah ce ba ta sani ba. Bayan haka ta kawo misali daga cikin gidan nan ko unguwar nan. Sai an yi wannan duka za ta rubuta shi da Turancinta na kanta, sannan ya tashi daga kan takardun ta duba abin da ta bari. Ƙaramar takardar kuma ta koma cikin hula, domin za ta sake fitowa wata rana.

Kwanakin farko ba su yi daɗi ba. Keziah, wadda da take zuba shafi guda ba numfashi, yanzu sai ta tsaya tana in-ina a kan jimla ɗaya. Saloma kuwa ba ta yi mata rangwame ba. Tana tsince wake tana cewa, “Ban ji ba. To, sai me? Amfaninsa fa?” Wata safiya Keziah ta fashe da kuka, ta ce da ta san wani abu, yanzu ba ta san komai ba, kuma lokaci na tafiya.

Saja bai girgiza ba. “Da ma ba ki sani ba,” ya ce, “yanzu ne kika ga inda ramin yake. Duk kurtun da aka ɗaure wa ido haka yake ji a makon farko. Ban taɓa ganin wanda bai ji haka ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya dage bai haɗa ba. Share hawaye. A tashi haka nan, a dawo da yamma.”

Bai kuma bari zaman ya yi tsawo ba. Kaɗan da safe, kaɗan bayan ya dawo gona. Wani lokaci tana shara ko tana ɗebo ruwa sai kawai ta ga hula a gabanta. Rufaida ma takan zo ta kawo irin tambayoyinta masu juyi, su yi ta gardama da Keziah, Saja na zaune kan takardu kamar alƙali.

Sannu a hankali abin ya fara zama. Wata rana ta ɗauko batun mantuwa. Ta fara fassara wa uwarta, sai ta tsaya, ta dafe baki, dariya ta ƙwace mata.

“Mene ne abin dariya a layi?” in ji Saja.

“Baba, wannan wurin da na yi ta rera maka... ka san abin da yake cewa? Cewa yake abin da mutum ya haddace bai gane ma'anarsa ba shi ya fi saurin gudu daga kai. Kuma karatu kaɗan-kaɗan a kwanaki daban-daban ya fi a haɗiye shi lokaci guda. Kuma rufe littafi ka tambayi kanka ya fi maimaita karantawa.”

Saloma ta ajiye faifan wake. “Wato kullum da safe kina tsaye kina gaya masa da ƙarfi cewa abin da kuke yi banza ne, shi kuma yana cewa daidai?”

Saja ya gyara zama. “Wanda ya rubuta wannan ya yi magana mai kyau,” ya ce da nauyi. “Ya zo daidai da abin da muka daɗe muna yi a soja. Ina zaton ma daga wurinmu suka samo.”

Ranar da batun kare da ƙararrawa ya fito daga hula, Keziah ta yi bayaninsa ba tangarɗa. Wani masani ya riƙa kaɗa ƙararrawa duk lokacin da zai ba karensa abinci. Da aka daɗe, ko ba abinci, da kare ya ji ƙararrawa sai yawu ya zubo. Jiki ya haɗa abu biyu da suka saba zuwa tare, yana amsawa ba tare da ya nemi izinin mai shi ba. Haka yaron allura da fararen kaya.

“Wannan ai awakina ne,” in ji Saloma. Ta tashi ta ɗauki bokitin dusa, babu komai a ciki, ta kaɗa marikinsa. Awaki suka taso daga bayan rumbu a guje suna kuka. Keziah ta tafa.

To, a bayan gidan Saja akwai makarantar firamare, katanga ɗaya ta raba su. Daidai wannan lokaci wani malami ya busa usur don tara yara. Saja na riƙe da kofin kunu ya kusa kai shi baki. Bayansa ya miƙe sak, kafaɗu suka koma baya, haɓa ta ɗaga, dugadugansa suka haɗu a ƙarƙashin kujera. Kunu ya zuba a gwiwarsa.

Saloma ta nuna shi da bokiti. “Ki bar awaki, 'yar nan. Ga babban misali zaune. Tun da aka kawo ni gidan nan, ba a taɓa busa abin nan bai ƙame ba. Ko a coci yaron wani ya busa na wasa, sai da ya ƙame a tsakiyar wa'azi.”

“Gyara zama na yi,” in ji Saja.

“Kunun ma gyara zama ya yi.”

Keziah ta sunkuya tana danne dariya. Saja ya ajiye kofi, ya dube ta da idon aiki.

“Ki saurare ni da kyau. Awaki na uwarki ne, ki yi yadda kika ga dama da su. Amma kada ki kuskura ki sa ni layi ɗaya da kare da akuya. Ni saja ne na sojan ƙasa, ɗan soja, jikan soja. Kin ji?”

“Na ji, Baba.”

A jajibirin jarrabawa Keziah ta so ta kwana kan takardu. Tun rana ba ta faɗi ba ya karɓe su ya kulle a akwatinsa na ƙarfe. Ya ce ba su taɓa koya wa kurtu sabon abu a jajibirin gwaji ba, abin da ake yi shi ne a ci abinci a kwanta da wuri. Da safe ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya goya ta a babur har ƙofar kwalejin. Bai yi mata dogon jawabi ba. Ya ce in an miƙo mata ƙarfe daga tsakiya, ta tambayi kanta mene ne aikinsa.

Ya jingine babur a gindin wata bishiya inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, ya zauna. Suka yi ta hirar tsadar taki da lalacewar hanyar Ribah. Ransa a kwance yake. Ya ga yadda hannun yarinyar ke shiga hula a kwanakin ƙarshe, ba ɗari-ɗari, kuma ya san wannan hannu.

Da ɗalibai suka fara fitowa sai ya hango ta. Tafiyarta ta mai nasara ce, amma da ta matso kusa sai ta rage sauri, ta tsaya nesa kaɗan da babur.

“Yaya?” ya ce.

“Na amsa duka, Baba. Ba wadda na tsaya nema.”

“To me ya sa kike tsaye kamar wadda ta fasa tulu?”

Ta murza yatsunta. “Tambayar da ta fi kowace maki, a kan kare da ƙararrawa ce. Malam ya ce a kawo misali daga gida. Amma ya rubuta cewa ban da dabba, ban da ƙaramin yaro. Babban mutum yake so.”

Saja ya ɗago kai ya ƙura mata ido.

“Na yi tunanin in ƙirƙiro wani, Baba. Sai na ga in na ƙirƙira zan yi kuskure a bayani. Naka kuwa na san shi ciki da waje. Na san wanne ne ƙararrawar, na san wanne ne...”

“Yawun,” in ji Saja.

“Ban sa suna ba.”

“Tsofaffin sojoji a Zuru sun fi a ƙirga. Ba komai.”

“Na dai ce mahaifina ne. Kuma gidanmu na jikin makarantar firamare. Na kuma faɗi maganar kunu.”

Ɗaya daga cikin 'yan kabu-kabu ya juya baya yana tari irin na mai ɓoye dariya. Saja ya tayar da babur. A kwanakin da suka biyo baya ya riƙa fita gona tun kafin a buɗe makarantar bayan gida. Saloma ta lura, ta ce ba ta taɓa ganin sojan da usur ɗin yara ya kora daga gidansa ba. Shi kuwa ba ya shakkar yarinyar za ta ci. Abin da ke cin sa shi ne wani malami can da bai taɓa gani ba yana zaune yana karanta labarin gwiwarsa da kunu.

Ranar da sakamako ya fito, ruwan safe ya hana shi fita da wuri. Yana zaune a gindin mangwaro bayan an ɗauke, sai ga Keziah ta shigo a guje, takalmi a hannu, ta faɗa jikin uwarta. Ta ci, kuma da maki mai kyau. Za ta ci gaba da karatu. Saloma ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Saja ya gyaɗa kai sau ɗaya, kamar wanda aka kawo wa rahoton da ya riga ya san abin da ke ciki.

Ba ita kaɗai ta zo ba. A ƙofar gida wani siririn mutum mai tabarau na kafe babur. Ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin tabarma, ya gaida Saja da ladabi, ya ce shi ne Malam Yazid mai koyar da darasin. Aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ya daɗe yana koyar da wannan batu da misalin karen Turawa, ɗalibai na haddacewa suna mantawa. Amsar Keziah ita ce mafi bayyana da ya karanta a bana, domin duk ɗan Zuru yana da irin wannan uba ko kawu a gida. Yana neman izinin Saja ya riƙa koyar da sababbin ɗalibai da misalin. In bai yarda ba, maganar ta mutu a nan.

Saja ya dubi Keziah, sannan ya juya ga baƙon.

“Malam,” ya ce, “kakana da ya je Bama, an ambaci sunansa a rahoton da aka aika wa manya. Mahaifina ma an taɓa kiran sunansa a gaban bataliya. A gidan nan ba baƙon abu ba ne a rubuta mutum a takarda saboda horon da ya samu. Abin da yarinyar nan ta rubuta shaida ce cewa horon ya kama, har yau bai saki ba. Na yarda, da sharaɗi. A faɗi muƙamina daidai, saja ne, ba kofur ba. Kuma a raba ni da karen nan. Shi shafinsa daban, ni nawa daban.”

“An gama, ranka ya daɗe,” in ji Malam Yazid.

“Maganar kunu kuma a cire.”

“A'a, wannan kam a bari,” in ji Saloma daga bakin madafa. “Ni na dama shi.”

Malam na shirin amsawa sai usur ya tashi daga bayan katanga, dogo, mai kaifi. Malam Yazid ya dubi Saja. Keziah ta dube shi. Saloma ta leƙo da ludayi a hannu. Saja ya ji abin ya taso daga ƙugunsa yana hawa, ya kuma san in ya dage zai iya danne rabinsa. Bai danne ba. Ya miƙe tsaye gaba ɗaya, dugadugai a haɗe, hannaye a gefe, haɓa a sama, ya ƙame har usur ya yi shiru.

“Ka gani da idonka, Malam,” ya ce. “Yarinyar ba ta rubuta ƙarya ba.”

Da ya raka baƙon ƙofa ya dawo, ya wuce falo kai tsaye. Ya sauke kalandar cocin daga kan ƙusa, ya miƙa wa Saloma, ya ce ta nema mata wani wuri, wannan akwai mai shi.